Ayarin Teku: Tarihin Jiragen Kuwaiti Masu Tafiya da Iska

Yawancinmu ba mu taɓa ganin teku ba. Ruwan da muka sani shi ne na gulbi, da na tabki, da kogin da ya ratsa Yamai. Amma a garuruwanmu an yi alhazai na dā waɗanda suka tafi Makka da ƙafa. Sun bi ta Cadi da Sudan har suka kai Suwakin, a bakin Bahar Maliya. Nan ƙasa ta ƙare. Waɗansunsu sun ƙetare zuwa Jidda cikin jirgin katako wanda ba shi da inji, iska ce ke tura shi.

Yau zan ba ku tarihin manyan jirage irin waɗannan, na mutanen Kuwaiti, a ƙasar Larabawa. A dā, kowace shekara sukan tashi daga gida, su bi bakin teku har Zanzibar, a gabashin Afirka, su komo. Zuwa da dawowa ya fi kilometir 10,000. Tafiyar wata tara ce ko goma. Yaya mutanen da ba su da inji suka iya wannan tafiya? Abu uku suka riƙe: sanin lokacin iska, sanin wurin tsayawa, da gyaran jirginsu da hannunsu.

Iska biyu

Kowane manomi ya san iska biyu. Lokacin ɗari, iskar hunturu tana fitowa daga arewa maso gabas. In bazara ta yi, sai iska ta juya, ta fito daga kudu maso yamma, ta jawo hadari. To, haka abin yake bisa tekun Indiya. Daga wajen watan Nuwamba zuwa Maris, iska tana busawa daga ƙasar Larabawa zuwa Afirka. Daga Afrilu zuwa Satumba, sai ta juya ta nufi ƙasar Larabawa. Mutanen Zanzibar suna kiran ta farko kaskazi, ta biyu kuma kusi.

Iskar farko ita ke kai jirgi, ta biyu ita ke maido shi gida. Amma akwai sharaɗi. Daga Yuni zuwa Agusta iskar dawowa tana yin ƙarfi ƙwarai, teku ya haukace, jirgin katako ba ya iya shiga. Saboda haka dole a kama hanyar gida tun tana da taushi, wajen Afrilu. Wanda ya makara, ko dai ya zauna baƙunci wata da watanni, ko ya sayar da ransa. Kamar shuka ce: ruwan farko ba ya jiran rago.

Wannan hanya tsohuwa ce. Matafiyin nan Ibn Batuta ya bi ta cikin 1331, ya ga Mugadishu da Mombasa da Kilwa. Shi ne kuma ya sauka Takadda, a yankin Agadas, cikin 1353.

Jirgin da aka ɗinka

A zamanin dā, jiragen wannan teku ba su da ƙusa ko ɗaya. Ɗinka su ake yi, kamar yadda ake ɗinkin ƙwarya. Ana huda katako, a zura igiyar zaren ɓawon kwakwa, a ja tamau, a toshe hudojin, a shafe da mai. Wani malamin Andalus, Ibn Jubairu, ya ƙetare Bahar Maliya zuwa Jidda cikin irin wannan jirgi a 1183. Ya bayyana ɗinkin da man kifin da ake shafawa. Ya kuma yi kuka da masu jirage, don suna cusa alhazai fiye da kima saboda son kuɗi.

Kada ku raina ɗinkakken jirgi. A 1998 masu nutso sun tarar da wani a ƙarƙashin teku, kusa da tsibirin Belitung na Indunusiya. Ya fi shekara 1,100 da nutsewa. Yana ɗauke da kwanonin tangaran na ƙasar Sin wajen 60,000. Mutanen Oman sun ɗinka wani kamarsa, suka tuƙa shi har Singafo cikin 2010.

Turawan Fotugal sun shigo tekun nan a 1498. Daga baya, a hankali, ƙusar ƙarfe ta maye gurbin ɗinki a manyan jirage. Babban jirgin Kuwaiti, wanda suke kira bum, da ƙusa ake yin shi. Yana da tsini gaba da baya. Abin mamaki, Kuwaiti hamada ce, ba ta da itacen gini. Ko ruwan sha, a wancan zamani a jirgi ake kawo shi daga kogin Basara. Katako daga Malabar ta Indiya ake sayo shi, wani itace mai ƙarfi da Larabawa ke kira saj. Igiya ma daga can take zuwa. Masassaƙan Kuwaiti ba su zana jirgi bisa takarda. Babban masassaƙi da ido yake awo, kamar maginin soro.

A tsakiyar jirgi akwai dogon ginshiƙi, da ƙarami a baya. An rataya wani dogon itace a karkace bisa ginshiƙin, kamar jigon lambu. Tsawon jigon nan ya kai tsawon jirgin kansa, don haka itace biyu ko uku ake haɗawa a ɗaure. A jikinsa ake ɗaura babban zane na kaɗa, wanda iska ke cikawa. Ɗaga jigon nan aikin dukan ƴan jirgi ne, suna ja suna waƙa. In iska ta yi yawa, sai a sauke shi, a kwance babban zane, a ɗaura ƙarami, a sake ɗagawa. Ko da tsakar dare ne, haka za a yi.

Tafiyar 1938

Mun san zaman cikin jiragen nan dalla-dalla saboda wani matuƙin jirgi ɗan Ostareliya, Alan Villiers. A watan Disamba 1938, a tashar Adan ta ƙasar Yaman, ya shiga wani bum na Kuwaiti. Shugaban jirgin shi ne Ali bin Nasr an-Najdi. Shugaban jirgi ana ce masa nahoda, shi ne kamar madugun ayari. Villiers ya zauna da su har suka koma Kuwaiti a watan Yuni 1939. Ya rubuta abin da ya gani cikin littafi, wanda ya fito a 1940.

Ga yadda shekarar take tafiya. Wajen Agusta da Satumba, dabinon Basara yana nuna. Jirage su shiga kogi su yi lodi. Har girman jirgi da buhunan dabino ake faɗinsa. Daga nan su bi gaɓar ƙasar Larabawa, suna sayarwa, har Adan. Can su ɗauki gishiri da sauran haja. A garuruwan Mukalla da Shihir na Hadaramaut su ɗauki fasinja, talakawa masu neman abinci a Afirka. Jirgin Najdi ya kwashi fiye da mutum 100. Sai su ƙetara zuwa gaɓar Somaliya, su gangara Hafun, Mugadishu, Lamu, Mombasa, har Zanzibar.

Kun ga tafiyar zango-zango ce, irin ta fatake. Galibi ba su nisa da tudu. Nahoda ya san kowane dutse, da kowane tsauni, da launin ruwan kowane wuri. Magabatansu sun ƙware wajen sanin taurari. Akwai Ahmad ibn Majid, wanda ya rubuta babban littafin hanyoyin teku wajen 1490. Suna da wani ɗan allo mai igiya da ƙulle-ƙulle, sunansa kamal. Mutum ya riƙe igiyar da haƙori, ya miƙa allon, ya auna tsayin tauraron arewa wanda ba ya gusawa. Da haka ya san ko ya kai daidai garin da yake nema. Amma nahodojin zamanin Najdi sun fi dogara ga gaɓa da idonsu.

Zaman cikin jirgi

Ƴan jirgin kusan mutum 30 ne. Akwai nahoda da mataimakinsa, da shugaban ma'aikata, da masu riƙon matuƙi, da mai dahuwa, da masassaƙi. Akwai kuma mawaƙi, wanda ke ba da waƙar aiki, saura su amsa da tafi da ganga, kamar gayya.

Ɗan jirgi ba shi da ɗaki, ba shi da gado. Cikin jirgi na kaya ne. Shi dai ya kwanta bisa buhu ko bisa tarin igiya, sama ce rufinsa. Ɗaki ɗaya ne a baya, nan ake sa mata fasinja, cikin zafi da duhu. Murhu akwati ne da aka zuba wa rairayi don kada katako ya kama wuta. Makewayi wani ɗan akwati ne da aka rataya a gefen jirgi, bisa ruwa. Abinci shinkafa ce, da dabino, da gurasa, da kifin da aka kama a hanya, da shayi da gahawa. Ruwan sha yana cikin manyan tankunan katako, ana ba da shi da awo. Wanka da alwala da ruwan teku ake yi. In lokacin salla ya yi, sai su yi sahu bisa katakon jirgi.

Kowane ɗan jirgi yana da akwatinsa. A ciki ya ajiye ƴar hajarsa: zannuwa, huluna, turare, taba. Ya saya a wannan gari, ya sayar a wancan, wani lokaci a ɓoye don gudun kwastan. Masassaƙi kuwa ba ya zama banza. In babu gyara, yana sassaƙa ƙaramin jirgi bisa babban, a sayar da shi a hanya.

Turken jirgi

Mai dabba in ya sauka zango, turke yake kafawa. Turken jirgi ita ce anka. A dā dutse ne mai huda, a ɗaure da igiya. Daga baya aka koma ƙarfe mai ƙugiyoyi, kamar ƙugiyar fid da guga daga rijiya, amma babba ƙwarai.

Jefa anka ba a yin shi da ka. Da farko sai an san zurfin ruwa. Mutum ya tsaya a gefen jirgi da igiya mai dalma a bakinta. Ya jefa, ya jawo, ya ƙirga gaba nawa ta shiga, ya faɗa da ƙarfi. Ana shafa kitse a gindin dalmar. In ta fito da laka ko rairayi, wuri ya yi, don anka tana nutsewa ta kama. In ta fito fes, to dutse ne a ƙasa. Bisa dutse anka tana zamewa, ko kuwa ta maƙale ta ƙi fitowa. Duwatsun murjani kuma suna da kaifi, suna cin igiya har ta tsinke.

Bayan an jefa, sai a saki igiya da yawa, ninki huɗu ko biyar na zurfin ruwan. Dalili shi ne, in igiya ta yi gajarta, jirgi yana fizgar anka sama, ta tumɓuke. In ta yi tsawo, jan yana kwanciya, ƙugiya ta ƙara shiga ƙasa. Sa'an nan a lura da abu biyu a tudu, misali itace da tsaunin da ke bayansa. In suka rabu da juna alhali iska ba ta juya ba, anka ta saki, jirgi yana tafiya. Sai a ta da kowa.

Babban abin tsoro shi ne iskar da ke turo jirgi wajen tudu. Jirgi mai inji yana iya tserewa. Jirgin iska ba ya iya fuskantar iska kai tsaye. In anka ta saki a irin wannan wuri, duwatsu ne ke jiransa. Garuruwa da yawa na gaɓar Hadaramaut da Somaliya ba su da mafaka mai kyau. Jirgi ya tsaya a fili, a riƙa kai kaya tudu cikin kwalekwale. Shi ya sa nahoda na ƙwarai yake barci da kunne ɗaya. A Bahar Maliya kuwa, inda murjani ya yi yawa, ƙananan jirage da rana kaɗai suke tafiya. Rana na faɗuwa, su laɓe bayan wani tsibiri, su jefa anka sai safe.

Gyara

Jirgin katako kullum yana yoyo, ko kaɗan ne. Safe da maraice ana kwarfe ruwa daga cikinsa. Igiya tana cinyewa, sai a murɗa wata. Zane ya yage, sai a shimfiɗa shi, a zauna da allura. Babu wani gareji a hanya. Abin da ya lalace, su ne masu gyaransa.

Babban abokin gabansu wata tsutsa ce ta teku. Ita ce garar jirgi. Tana shiga katako ta ƙaramar huda, ta ci cikinsa, waje kuwa lafiya lau. Ciyawa da ƙananan katantanwa kuma suna manne wa gindin jirgi, su rage masa gudu. Saboda haka dole a fid da jirgi daga ruwa a gyara gindinsa. Yaya za a ɗaga jirgi mai nauyin tan fiye da 100, babu na'ura?

Teku ne ke yi musu aikin. Sau biyu a yini da kwana, ruwan teku yana cika ya hau tudu, sa'an nan ya janye. Cikar ta fi girma lokacin tsayuwar wata da lokacin da wata ya cika. Sai a sauke kaya, a jira babbar cika, a jawo jirgi bisa rairayi mai laushi. A tokare shi da itatuwa dama da hagu. Da ruwa ya janye, ga jirgi tsaye a sarari.

Nan kowa ya duƙufa, don ruwa zai komo cikin ƴan awoyi. Waɗansu su kankare ciyawa da tsohon shafe. Masassaƙi ya bi katako yana bugawa, yana saurare. Inda ya ji ya ruɓe, ya cire ya sa sabo. Tsakanin katako da katako a cusa kaɗa da aka jiƙa da mai, a buga da kurfi har ta zauna. Daga nan a narka kitse, a kwaɓa da farar toka irin ta ƙonannen katantanwa. Da tafin hannu ake shafa shi, ana waƙa, har gindin jirgi ya yi fari fat. Shi ne maganin tsutsa. Sashen da ke bisa ruwa kuwa, man kifi ake shafa masa don kada rana ta tsage shi. Warinsa ba daɗi, amma yana raya katako. Shafen nan ba ya daɗewa, ana sake shi kowane ƴan watanni.

Itacen Rufiji

Jirgi ba ya komawa gida wofi. Daga Zanzibar jirgin Najdi ya gangara kudu zuwa bakin kogin Rufiji, cikin ƙasar da ake kira Tanzaniya yau. Can akwai dajin wani itace mai tsirowa cikin laka da ruwan gishiri. Sandunansa miƙaƙƙu ne, gara ba ta cika damunsu ba. Mutanen wurin suna ce musu boriti. Ashirin-ashirin ake ƙirga su. A Kuwaiti su ne azarar rufin ɗaki. Faɗin ɗaki ba ya wuce tsawon sandar, kamar yadda azarar giginya ke yanke faɗin soro a wurinmu.

Nan ne wahala ta fi tsanani. Babu gari, babu kasuwa, sai laka da ruwan sama da sauro. Hanyoyin kogin suna sauyawa, jirgi ya kafe cikin taɓo sai ruwa ya cika. Ƴan jirgi su wuni cikin laka suna ɗaukar itace a kafaɗa. Zazzaɓin cizon sauro ya kwantar da da yawa. Villiers ya ga yadda ƙarfafan mutane suka rame cikin ƴan makonni. Ba su da damar hutawa, don iskar dawowa ta kusa.

Rabo da bashi

In sun iso gida, sai a jawo jirgi bakin gaɓa, a sauke ginshiƙai, a shafe shi da mai, a rufe da tabarmi don zafin rana. Sa'an nan a zauna lissafi. Ɗan jirgi ba shi da albashi, rabo ake yi. Daga kuɗin dakon da jirgi ya samu, a fid da kuɗin abinci. Abin da ya saura a raba biyu: rabi na mai jirgi, rabi na ma'aikata. Nahoda da manyan ma'aikata suna da kashi fiye da ɗaya. Ƙaramin ɗan jirgi kashi ɗaya ne. Babbar riba kuwa tana wurin attajirai masu dabino da itace, waɗanda ba su bar gida ba.

Kashin nan ba ya ciyar da gida shekara. Kafin a tashi, ɗan jirgi ya riga ya karɓi kuɗi hannun nahoda, ya bar wa iyali. In an dawo, a cire daga rabonsa. Sau da yawa bashi ne ke saura, ba ya kuwa iya barin wannan nahoda sai ya biya. Nahoda ma attajiri yana bin sa. Kun san irin wannan: manomin da ya ci bashin hatsi da bazara, kaka ta zo rumbunsa na wani ne. Don haka da yawa ba su hutawa. Suna sauka, sai su shiga jiragen nutson lu'ulu'u, wata huɗu cikin tsananin zafi, har dabino ya sake nuna.

Ƙarshen ayari

A shekarar da Villiers ya shiga jirgin Najdi, 1938, aka haƙo man fetur a Burgan, cikin Kuwaiti. An fara fitar da shi waje a 1946. Kafin nan, lu'ulu'un da Japan ke renonsa ya riga ya karya kasuwar nutso. Kamfanin mai yana biyan albashi, mutum kuma yana kwana gidansa. Wa zai koma cikin lakar Rufiji? Ƴan jirgi suka watse. Siminti da ƙarfe suka maye gurbin sandunan rufi. Jiragen da suka saura aka sa musu inji. Juyin mulkin Zanzibar na 1964 ya ƙara raunana cinikin Larabawa a can.

Najdi bai rabu da teku ba. A 1979 ya fita kamun kifi, hadari ya same shi, ya rasu cikin ruwa. Mutanen Kuwaiti sun adana wani bum mai suna Fatahul Hairi, wanda aka sassaƙa a 1938, don jikoki su gani. Hoton bum yana cikin tambarin ƙasarsu da bisa kuɗinsu.

Ƴan'uwa, mutanen nan ba su fi ƙarfin teku ba, kuma sun san haka. Sun jira iska har ta zo. Sun auna ƙasa kafin su jefa anka. Sun toshe ƙaramar huda tun ba ta zama babba ba. Teku bai cika cin su ba, bashi ne ya fi cin su. In a garinku akwai tsohon da ya ƙetare Bahar Maliya cikin jirgin katako, ko wanda ya ji labarin daga bakin mahaifinsa, ku je ku gaishe shi, ku tambaye shi kwana nawa suka yi bisa ruwa, da inda suka riƙa tsayawa da dare. Allah shi ba mu lafiya da zama lafiya.